Kunnen da Babu Kaska

Kare na uku a bakin rijiya ya mutu, ranar Talata, tun rana ba ta yi zafi ba. Karen Hamadi ne, dogo mai siririn ƙugu, irin karnukan farautar Abzin da ke kamo barewa a guje. Matan da suka zo ɗiban ruwa suka tarar da shi kwance yana shure-shure, baki duk kumfa. Kafin a kirawo mai shi ya riga ya sandare.

A wancan zamani Arlit ba gari ba ne, kada wani ya ruɗe ka. Rijiya ce da tantunan makiyaya kamar ashirin, sai sansanin Faransawa masu tonon duwatsu, waɗanda suka sauka shekara biyu kafin mulkinsu ya ƙare. Yini suke suna yawo da wani akwati da ke kukan gyare in an kai shi kusa da dutse. Mai nuna musu hanya shi ne Akoli, mai bin sawu, mutumin da zama wuri ɗaya ke yi wa wuya tun yana yaro. In raƙumi ya ɓata shi ake nema, in akuya ta yi dare shi ake nema, to yau ma shi aka nemo.

Ya iske maza sun yi da'ira, kowa ya ja amawali har ƙarƙashin ido, ba wanda ya matsa kusa da gawar. Kare dai kare ne, ko na farauta ne, namiji mai alwala ba ya taɓa mushensa.

"Ba sai ka wahalar da idonka ba," in ji Hamadi. "Kukun Nasara ne. A gabana ya rantse, ranar da aka ɗauke masa cinyar rago, ya ce sai ya ga bayan karnukanmu. Na Mano ya mutu ranar Asabar, na ƙanena ranar Lahadi, yau ga nawa."

"Ka gan shi ya ba su wani abu?"

"Mai guba yana gayyatar shaida ne?"

Akoli ya zagaya rijiyar sau biyu kansa a ƙasa, yana tsaki, don ƙafafun mata da na jakuna sun tattake rabin abin da yake son gani. Bai gama ba aka aiko daga sansani wai Bature na kiransa maza-maza.

*

Shugaban sansanin, wanda mutane ke kira Mai Akwati, yana tsaye bayan ɗakin girki, hannu a aljihu, fuska ta yi ja. A ƙasa ga kyanwar kuku, wadda suke kira Madam, ta mutu irin mutuwar karnukan. Muktari kuku, Badamagare mai ƙiba, yana tsugune gefenta yana share ido da gefen riga. Shekara huɗu suna yawo tare, shi da ita, daga sansani zuwa sansani.

Mai Akwati na jin Hausa, irin wadda ake tsinta a bakin leburori. "Haukar kare ce," ya ce. "Kumfa, shure-shure, mutuwa. Na taɓa ganin mutumin da mahaukacin kare ya ciza. Da igiya aka ɗaure shi a gado har ya cika. Ba zan sake gani ba."

"Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu."

"Na buga waya Agadas tun ranar Lahadi. Kamiyo, babbar motar abinci, na tafe da malamin dabbobi, yau ko gobe, hanya ce ta sani. Amma yanzu abin ya shigo sansanina. Da la'asar gumiyoyi za su harbe duk kare da duk kyanwar da ke wannan rijiya."

Gumiyoyi su ne sojojin raƙuma na gwamnati, kuma in aka ce su harba ba sa tambayar dalili. Akoli kuwa shi ma yana da karya.

"In na nuna ba hauka ba ce fa?"

"Nuna mini kafin la'asar."

*

Tiski sunanta, ja ce mai farar ƙafa, ga ta da ciki ya fara nauyi. Shekara uku da suka wuce raƙumin Akoli ya mutu a hanyar Assamakka, ya yi kwana biyar yana tafiya a ƙasa. Tiski ce ke kamo zomo ta ajiye a gabansa ba ta ci ba, da haka ya kawo kansa gida. Tun daga nan ake yi masa tsiya wai ya fi son karyarsa da surukansa, shi kuwa bai taɓa musantawa ba.

Ya samu matarsa Dassin tana shirin kora awaki kiwo.

"Ki tafi da ita kwarin nan namu mai aduwa ɗaya," ya ce. "Ki ɗaure ta a inuwa, ki ajiye mata ruwa, ki wuce da awakinki kamar kullum. Kada ki gaya wa kowa."

"In sun tambaya fa?"

"Ta bi barewa ba ta dawo ba."

Ya durƙusa ya shafa kan karyar, ya buɗe kunnenta. Kaska ce cike, manya-manya, sun sha jini sun kumbura kamar wake. Damina ta wuce ba da daɗewa ba, lokacinsu ne. Haushin Bature da tsoron la'asar suka taru suka fito ta bakinsa, suka sauka a kan wadda ba ruwanta.

"Dubi kunnenta. Kaska na cinye ta a ƙofar tantinki, ko kallo ba ta ishe ki ba."

Dassin ta dube shi, ta dubi karyar. Ta ɗauki igiya. Shi kuwa ya riga ya juya, sauri yake.

*

Ya koma wurin Muktari. Ya tarar da shi yana fere albasa a tsorace, don ta ƙofar ɗakin girki yana hango Hamadi da mutanensa zaune a inuwar gangunan ruwa, takubba a kan cinya.

"Malam Muktari, ka rantse ko ba ka rantse ba?"

"Na rantse, Akoli. Wane kuku ne bai taɓa rantsuwa a kan kare ba? Baki ne kawai. In da gaske nake, har Madam zan kashe?"

"Su cewa suke ta ci ragowar abin da ka haɗa."

"Allah ya isa."

"Kana da maganin ɓera?"

Muktari ya miƙa hannu bayan buhun shinkafa ya jawo wani ƙaramin gwangwani. Akoli ya juya shi. Murfin a liƙe yake, tsatsa ta cinye bakinsa, ba a taɓa buɗe shi ba.

"Da Madam a ɗaki me zan yi da shi?" in ji Muktari, hawaye suka sake zubo masa.

Akoli ya zagaya baya inda ake zubar da shara. Karnuka biyar ya gani, ƙazamai marasa ubangida, haƙarƙari a waje, suna faɗa a kan ƙashi. Ya tsaya yana kallonsu. In mutum ya jefa nama mai guba, waɗannan mayunwata ne za su fara hadiyewa. Karen farauta kuwa ko yunwa za ta kashe shi ba ya karɓar abinci a hannun baƙo. To ga 'yan shara lafiya lau, ga 'yan gata suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba kuku ba ne. Amma wannan bai ceci kowa ba, don in ba guba ba ce, maganar Bature ta tabbata ke nan.

*

Mano ya ba shi wata hanyar. Ya ce ya ga dila kusa da rijiya kwana huɗu da suka wuce, tana tafiya wani iri. Akoli ya ɓata fiye da awa guda yana bin sawunta cikin duwatsu, rana na dukan ƙeyarsa, yana ɗaga kai yana auna inuwa. Mahaukaciyar dabba sawunta a karkace yake, tana cizon dutse da itace, yawu na zuba a hanya. Wannan kuwa gurguwa ce kawai, ƙaya ta soke ta, ta tafi raminta kai tsaye. Ya tsine wa dilar, ya tsine wa idon Mano, ya dawo da gudu-gudu.

A gefen rijiya, inda jakuna ba su taka ba, ya samu sawun karen Hamadi. Ya zo a miƙe. Ya tsaya a kwamin shayar da dabbobi ya sha ruwa, ga wurin da ƙafafunsa na gaba suka nutse. Wanda hauka ta kai shi bakin mutuwa maƙogwaronsa ba ya karɓar ruwa. Akoli ya san haka, amma Mai Akwati ba ya karanta ƙasa, kuma ba zai yarda da ita ba.

Gawar na nan inda aka bar ta. Ya waiwaya, ba kowa. Ya naɗe hannun riga ya yi abin da sauran maza suka ƙi yi, ya kama kan karen ya juya. Yashi ya manne a wuya da bayan kunnuwa da tsakanin cinyoyi, kamar an shafa wa wurin wani abu mai maiƙo. Ya sunkuya ya shaƙa. Man shanu ne, da wani wari a ƙarƙashinsa mai hawa kai. Ƙudaje sun mutu birjik a gefen wuyan.

Sai ya buɗe kunnen. Fes. Ya buɗe ɗayan, shi ma haka. A wannan lokaci na shekara, da kowane kare a Abzin ke fama, wannan ba shi da kaska ko ɗaya.

Ya tafi kwazazzabon da aka jefar da karen Mano. Abin da ya rage na kansa ya isa a gani, kunnen ba kaska. Ya dawo sansani ya nemi sawun Madam. Kyanwa ba ta da nauyi, amma ƙasar bayan ɗakin girki toka ce, ta riƙe masa. Sawun ya fita ta ƙarƙashin wayar shingen sansani, ya bi gindin duwatsu, ya wuce tantuna uku, ya shige na huɗu. Can gefe yake, inda maƙera ke sauka.

*

Tata, wata tsohuwa matar maƙeri, tana zaune tana ɗinkin jakar fata. Shekara talatin ita ke cire wa dabbobin wannan rijiya kaska da ƙazuwa. Mata ke kai mata, su ba ta ɗan cuku ko gero. Maza ba su san ma ana yi ba, su dai su ga kare ya yi sheƙi su ce jininsa ne mai kyau. Akoli ya yini yana tambayar maza, bai tambayi mace ko ɗaya ba.

"Inna, kyanwar Nasara na zuwa nan?"

"Ɓarauniya. Jiya na kama ta kanta a cikin akushin maganina, ta lashe kusan rabi."

"Wane magani?"

Ta jawo akushi daga ƙarƙashin tabarma. Man shanu ne an kwaɓa shi da wani farin gari. "Da can da toka da garin taba nake haɗawa, sai an shafa sau uku. Wannan kuwa sau ɗaya, kaska ta zube. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

"Ni?"

Ta miƙo gwangwanin. Tun kafin ya karɓa ya gane shi, ga hoton ƙoƙon kan mutum a jikinsa. Wata biyu da suka wuce raƙumansa sun yi kirci, ya kai kuka wurin malamin dabbobi a Agadas. Malamin ya ba shi garin, ya ce cokali ɗaya a bokitin ruwa, ya kuma ce raƙumi kaɗai, ya maimaita har sau biyu. Raƙuma suka warke. Ragowar ya kawo wa Tata tukuicin gyaran sirdi, ya ce mata, Inna, wannan yana kashe kaska nan take. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ita kuwa ta yi abin da uwarta ta koya mata, kowane magani da man shanu ake kwaɓa shi don ya kama fata. Raƙumi ba ya lasar jikinsa. Kare kuwa, a shafa masa man shanu a ce kada ya lasa?

"Karnuka nawa kika shafa wa?"

Ta lissafa da yatsu. "Na Mano, na ƙanen Hamadi, na Hamadi jiya da yamma." Hannunta ya tsaya a sama. Ya ga lokacin da ta gane, bakinta ya buɗe bai rufu ba. "Wayyo ni. Da taka, ɗana. Dassin ta biyo da ita da hantsi, ta ce ka yi mata faɗa."

Akoli ya miƙe, ƙafafunsa suka ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya fita, ya dawo, ya sake fita. Kwarin aduwa tafiyar awa guda ce a raƙumi, Dassin kuma ta wuce da awaki, sai faɗuwar rana. Inuwa ta riga ta karkata. Daga nan yana jin haushin karnukan da gumiyoyi ke ja zuwa sansani. In ya tafi kwari, kafin ya dawo an harbe su duka, Muktari kuma Allah kaɗai ya san abin da Hamadi zai yi masa. In ya aiki Tata ta faɗa da bakinta, matar maƙeri ce da ta kashe karnukan masu takobi, kuma Bature ko sauraronta ba zai yi ba.

Magana ce ta ɗan lokaci, ya gaya wa kansa. Ya ɗauki akushi da gwangwani ya nufi sansani a guje.

*

Karnuka goma sha ɗaya aka ɗaure a jikin wayar sansani, da kyanwa biyu a cikin buhu. Gumiyoyi uku na duba bindigoginsu. Makiyaya sun taru a gefe, mata a bayansu, Muktari kuma ya rakuɓe kusa da Mai Akwati.

Akoli ya ajiye akushin a ƙasa. Bai yi doguwar gaisuwa ba.

"Ba hauka ba ce. Karen Hamadi ya sha ruwa kafin ya faɗi. Ba kuku ba ne, don 'yan sharar da ke cin hannunsa ga su nan da rai. Ku buɗe kunnen kowane kare a nan, za ku ga kaska. Ku je ku buɗe na waɗanda suka mutu, babu. Maganin kaska aka shafa musu da man shanu, suka lashe. Kyanwa kuma a akushi ta sha."

Ya cire kaska daga kunnen wani kare ya jefa cikin man. Ta yi motsi kaɗan ta tsaya.

"Wa ya shafa?" in ji Hamadi, hannunsa a kan takobi. A bayansa matarsa ta sunkuyar da kai.

"Gwangwanin nawa ne. Ni na kawo shi rijiyar nan, ni na yabe shi. Hannun da ya shafa abin da bakina ya faɗa ya bi. In kana neman wanda ya kashe maka kare, ga ni."

Mai Akwati ya juya gwangwanin, ya karanta rubutun, ya taɓe baki. "Ka nuna mini yana kashe kaska. Kare fa? Ni ba likita ba ne." Ya nuna kudu, inda ƙurar mota ta taso can nesa. "Ga kamiyo. Mu jira malamin. Kai kuma ba inda za ka, tunda ka ce kai ne."

"Ranka ya daɗe, karyata na can an shafa mata."

"Ka ɓoye kare bayan na ba da oda? Tsaya nan."

Wani gumiye ya gitta bindiga a gabansa. A sahara mota na iya bayyana ta yi rabin awa ba ta iso ba, wannan kuma sai da ta kafe a yashi aka tura. Akoli ya yi ta kai da komowa tsakanin bindiga da waya, taku huɗu gaba, taku huɗu baya, yana kallon inuwarsa na tsawo. Bai taɓa tsanar abu kamar yadda ya tsani kamiyon nan ba.

Jibrin malamin dabbobi ya diro da jakarsa, ƙura har gira. Ya saurara, ya shaƙi akushin, ya kawar da kai da sauri. Ya yi wa Bature bayani da Faransanci, gajere. Mai Akwati ya ɗaga hannu, gumiyoyi suka sauke bindigogi. Sannan Jibrin ya ɗauki gwangwanin ya dubi Akoli.

"Ba na ce maka raƙumi kaɗai ba?"

"Ka faɗa, malam. Ni ne ban faɗa ba."

"Yaushe aka shafa wa taka?"

"Da hantsi."

Jibrin ya dubi rana. Ya buɗe jaka ya miƙa masa sandar sabulu. "Ka wanke ta tas, sau uku. Ka daka gawayi ka dama da ruwa ka ɗura mata. Kada ka ba ta madara, maiƙo ne ke tura gubar cikin jiki. Da tun karen farko aka aiko mini, da ba a kai haka ba. Tafi."

Hamadi ne ya kwance raƙuminsa, wanda ya fi kowane gudu a rijiyar, ya miƙa masa akala ba tare da ya dube shi ba. Muktari ya rugo da salkar ruwa da gawayin murhunsa a ƙulle cikin tsumma.

*

Ya isa kwarin rana na dab da taɓa duwatsu. Tun daga nesa ya kira sunanta. Ba ta ɗago ba.

Tana kwance a gindin aduwa, igiya a wuya, kunnuwanta fes. Dassin ta yi duk abin da ya ce, ga inuwa, ga ƙwaryar ruwa an tokare ta da duwatsu don kada ta kife.

Da wani ne, da ya ga mushen karya kawai, ya yi baƙin cikinsa ya tafi. Akoli kuwa ƙasa ba ta ɓoye masa komai. Ga inda ta fara kwanciya tana lasar cinyarta. Ga inda ta tashi ta sha ruwa. Ga da'irar da ta yi ta zagayawa da ciwon ya kama ta, ƙafar baya na ja. Ga inda ta faɗi, ta tashi, ta sake faɗuwa. A wuri ɗaya ne kawai ƙasar ta tonu da zurfi, inda ta ja igiyar iya ƙarfinta har farcenta ya karye, kuma wajen hanyar gida ne. Da ba a ɗaure take ba, da ta zo ta same shi tun azahar. Ya taɓa cikinta, da sauran ɗumi. Da bai yi rabin awar jiran kamiyon nan ba, da ya same ta da rai.

Ya zauna a ƙasa, sabulu a hannu. Shekara arba'in yana alfahari da idonsa, yau ya so a ce makaho ne. Daga bayan tudu ya fara jin kukan awakin Dassin suna gangarowa, ta biyo ta ɗauki karyar su koma gida. Ya miƙe da sauri, ya karyo reshen aduwa, ya shiga share sawun tun daga inda ya fi zurfi, don kada ta ga abin da ya gani.